Yaron da Karatu Ke Ba Wahala Ba Daƙiƙi Ba Ne

Akwai wani yaro da kusan kowace unguwa a Gidan Waya da Kafanchan take da irinsa. In an aike shi kasuwa ba ya ɓatar da canji, in an ba shi labari sau ɗaya zai maimaita shi tiryan-tiryan, amma da an ɗora masa littafi a gaba sai ya tsaya cak. Ya kai aji huɗu, har yanzu haɗa baƙi da wasali yana gagararsa. A makaranta bulala, a gida gori, daga ƙarshe sai a ce ba shi da kan boko, a cire shi a kai shi garejin kanikanci ko a ɗora wa yarinya tallar gyaɗa. Ra'ayina shi ne wannan zalunci ne, ko da ba da niyya muke yinsa ba.

Ni kaina sai da na girma na zauna a ajin yaƙi da jahilci, kuma na san kunyar da mutum ke ji a riƙe takarda ya rasa abin da ta ƙunsa. A ajinmu akwai wani magidanci, ɗan kasuwa mai lissafi a ka kamar na'ura, wanda ya gudu daga firamare saboda duka. Sai da aka bi shi a hankali, sauti bayan sauti, sannan ya fara karatu. Shekaru talatin ya yi yana ɗaukar kansa daƙiƙi.

Masana suna kiran wannan matsala disleksiya. Wani likitan ido Bajamushe, Rudolf Berlin, ya yi rubutu a kanta da wannan suna a 1887. A 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya ba da labarin wani yaro ɗan shekara 14 mai kaifin basira wanda karatu ya gagare shi, har malaminsa yana ganin da a ce da baki ake koyar da komai, da shi ne na ɗaya a makarantar. Ƙungiyar da ke kula da wannan matsala a Ingila tana ƙiyasin mutum 1 cikin 10 yana da ita. Ke nan a aji mai yara 60 da wuya a rasa 'yan kaɗan.

Ba aljanu ba ne, ba sammu ba ne, ba kuma lalaci ba ne. Ƙwaƙwalwar yaron ce take shan wahala wajen rarrabe sautukan da ke cikin kalma da danganta kowane sauti da harafinsa. Sau da yawa ana gadonta a dangi. Alamominta su ne karatu da ƙyar yana tsallake kalmomi, rubuta kalma ɗaya ta hanya uku a shafi guda, da ciwon cikin ƙarya duk safiyar da za a yi shifta. Ƙananan yara da yawa sukan rikita b da d, balle an ƙara musu ɓ da ɗ, don haka wannan kaɗai ba hujja ba ce. Haka kuma ba duk yaron da bai iya karatu ba ne yake da ita. Wani rashin malami ne, wani yunwa, wani cunkoson aji. Abin lura shi ne yaron da aka koya wa tare da sa'o'insa, su suka wuce, shi ya maƙale.

To, me doka ta ce? Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ba kowane yaro haƙƙin karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta kuma dole. Ba ta ce sai mai saurin ganewa ba. Dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairu na 2019, ta ce makarantun gwamnati su karɓi kowa, kuma a samu aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar don kula da irin waɗannan ɗalibai. A ganina yaranmu masu wannan matsala suna da rabo a wannan tanadi. Mu da muka saba bin haƙƙinmu ofis-ofis, bai kamata mu zama masu fara tauye na 'ya'yanmu a cikin gida ba.

Wani zai ce malami ɗaya da yara 80, ina zai samu lokacin yaro ɗaya? Gaskiya ne, shi ya sa aikin ba na malami kaɗai ba ne. Da farko a kai yaro asibiti a duba idonsa da kunnensa. In lafiya lau suke, uba ko uwa su je makaranta da kansu, cikin mutunci, su roƙi a daina dukansa a kan karatu, a zaunar da shi gaba, a ƙara masa lokaci a jarrabawa, a kuma riƙa yi masa wasu tambayoyin da baki. A gida, minti 15 kullum sun fi awa biyu ranar Asabar. A fara da Hausa, domin rubutunta ya fi na Turanci bin yadda ake furtawa: ba, bi, bu, a tafa hannu a kowace gaɓa, ya rubuta harafin da yatsa a yashi yana faɗar sautinsa. Wanda bai yi boko ba, ya sa yayan yaron ya karanta masa, shi kuma ya zauna ya saurara. A yaba masa a abin da ya iya. Matsalar ba ta warkewa kamar zazzaɓi, amma da irin wannan koyarwa yaro yana iya karatu har ya kai jami'a.

Allah Ya sa Kwalejin Ilimi ta Jihar Kaduna tana nan garinmu, kuma ɗalibanta suna fita koyon aikin koyarwa kowace shekara. Ina ba da shawara ƙungiyarmu ta rubuta wa hukumar kwalejin da sakataren ilimi na Ƙaramar Hukumar Jema'a, mu nemi a shirya wa iyaye da malamai bita a kan wannan matsala. Iyaye kuma su tayar da maganar a taron iyayen yara da malamai na wannan zango.

Kafin ka cire ɗanka daga makaranta, ɗan uwa, zo mu zauna tukuna. Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.

Sakataren Ƙungiya, Gidan Waya