A Sauke wa 'Yan Aji Ɗaya Kaya

A farkon wannan zango wata 'yar'uwarmu a reshen nan ta shigo ofis da takarda mai shafi huɗu, wadda ta taras a jakar ɗanta. Yaron shekararsa shida, bana ya shiga aji ɗaya a wata makarantar firamare ta ɗariƙar Katolika da ke garin nan. Takardar jerin abin da za a koya wa 'yan ajin ne daga Satumba zuwa hutun Kirsimeti, mako bi mako. An buga ta tsaf, da tambarin makaranta a sama da sa hannun hukuma a ƙasa. Muka zauna muka bi ta layi-layi, mu da muka tsufa da alli a hannu, muka ƙirga darussa goma sha biyar. A mako na uku akwai sassan kwamfuta. A na biyar akwai haƙƙoƙin ɗan ƙasa. Kafin a kai na takwas ana son yaro ya haddace jihohi 36 da manyan biranensu, ya rubuta lambobi har 500, ya kuma yi gaisuwa da Faransanci. Dukan wannan da Turanci za a yi shi. Muka duba daga farko har ƙarshe ko za mu ga layi guda da ya yi alkawari cewa ranar da za a ba da hutu yaron zai iya haɗa baƙi da wasali ya karanta sunan mahaifiyarsa. Ba mu gani ba.

Za a ce ina ruwan reshenmu da makarantar mishan. Ruwanmu ya kai har wuya. 'Ya'yanmu da jikokinmu ne ke zaune a azuzuwan, da albashinmu ake biyan kuɗin zangon, kuma malaman da ke tsaye gaban allon tare muka fito daga kwalejin horon malamai. Ita kanta ƙungiyarmu ta NUT, da aka kafa a 1931, malaman makarantun mishan ne ƙashin bayanta a farko, shugabanta na farko ma, Rabaran Ransome-Kuti, limamin coci ne. Bayan haka, duk yayin da aka ɓullo da wani salo a makarantun kuɗi, ba a daɗewa iyaye suke zuwa makarantun gwamnati suna tambayar me ya hana mu yi irinsa.

Ba da ƙiyayya muke magana ba. Tun da firistocin Katolika suka kafa mishan a Shendam a 1907, makarantunsu sun yaye malamai da ma'aikatan jinya da alƙalai waɗanda Arewa take tinƙaho da su, Kirista da Musulmi. Har gobe a makarantar da muke magana a kanta ana buga ƙararrawa a kan lokaci, malami ba ya fashi, ban-ɗaki da tsabta, yaro yana koyon gaida na gaba da shi. Mu da muke koyarwa a ajin da rufinsa ya yaye mun fi kowa sanin darajar waɗannan abubuwa. Dalilin ke nan da ya sa abin ya fi mana ciwo: makarantar da take da tsari da kujeru da malamai masu zuwa aiki, ita ce ya kamata ta fi kowa sanin abin da zango guda zai iya ɗauka.

Mu yi lissafin da masu buga takardar ba su yi ba. Zangon farko mako goma sha uku ne ko kusa da haka. Makon farko yana tafiya a rajista da rabon littattafai da rarrashin masu kukan rabuwa da uwa. A cire hutun tsakiyar zango da hutun ranar 1 ga Oktoba. A cire makonni ukun ƙarshe, waɗanda bita da jarrabawa da ba da maki da gwajin wasan Kirsimeti suke cinyewa. Abin da ya rage mako tara ne, in an yi sa'a. Yinin ƙaramin yaro ba ya wuce darasi bakwai na rabin awa, wato talatin da biyar a mako. In aka raba su ga darussa goma sha biyar, koyon karatu ba zai samu fiye da biyar ba, ko da an fifita shi. Rabin awa sau biyar a mako tara, awa ashirin da biyu da rabi ke nan. Bai kai kwana guda cur ba. A cikin wannan ɗan lokaci ake son yaron da jiya-jiya yake goye ya buɗe ƙofar da duk sauran ilimi yake bayanta.

To, me malama za ta yi? Abin da kowannenmu ya sani: ta cika allo da rubutu, yara su kwafa abin da ba su iya karantawa, su rera shi da baki ɗaya har ya zauna. Yaro ya koma gida yana jero sassan kwamfuta kamar aku, uba ya yi murmushi ya ce kuɗinsa bai faɗi ƙasa banza ba. A nuna wa yaron nan kalmar da ba ta cikin abin da ya haddace, sai ya tsaya yana kallon fuskar mai tambaya. Mu ne muke karɓar irinsu a aji huɗu da aji biyar in kuɗin makaranta ya gagari iyayensu. Rubutunsu kamar na injin, bakinsu cike da Turanci, amma a ba su labari na layi biyar a tambaye su wa ya yi me, sai ido ya raina fata. Gwamnatin Tarayya da kanta ta amsa cewa kaya sun yi yawa, shi ya sa a 2025 ta sanar da sabuwar manhaja da ta taƙaita darussan aji ɗaya zuwa uku a kan tara ko goma. Ina makarantar ta samo sauran biyar ɗin, kuma don amfanin wa?

Sai maganar harshe, wadda ita ce gindin ciwon. Yaran ajin nan daga gidaje dabam-dabam suka fito. Wani da harshen kakanninsa aka yi masa tatsuniya, wani ɗan 'yan kasuwa ne da suka zo daga Kudu. Amma da an buga ƙararrawar tara, a saurari filin wasa: da Hausa ake rabon ƙosai, da ita ake faɗa, da ita ake shiryawa. Rubutun Hausar boko kuwa kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa. Yaron da ya gane ba, be, bi, bo, bu zai karanta baba da babu a ranar, ya kuma san abin da ya karanta. Wannan ganewa, cewa zanen da ke kan takarda magana ce, sau ɗaya ake yin ta a rayuwa, kuma in an yi ta sai ta bi yaro zuwa Turanci, tunda haruffan kusan ɗaya ne. Shi kuwa Turanci, harafi guda yana da sauti uku ko huɗu, ga shi yaron bai san ma'anar kalmomin ba. An haɗa masa hawa biyu a lokaci guda, sannan aka hana shi sandar da zai dogara, domin a makarantar nan laifi ne a ji Hausa a bakin yaro ko malama a cikin aji.

An gwada wannan a ƙasar nan, ba a wata uwa duniya ba. Daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka koyar da wasu yara da Yarabanci shekara shida cif, Turanci kuma aka riƙa koya musu shi a matsayin darasi a hannun ƙwararru. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, a wasu darussan ma sun yi musu fintinkau. Manufar ilimi ta ƙasa tun 1977 ta ce a fara da harshen uwa ko harshen da ke kewaye da yaro. Mun sani za a tuna mana cewa a Nuwamban 2025 Ministan Ilimi ya sanar da komawa ga Turanci a matsayin harshen koyarwa. Mun ji. Amma sanarwa ba ta sake halittar kunnen yaro ɗan shekara shida, kuma ba a hana malama ta yi bayani da harshen da ɗalibinta yake ji kafin ta ba shi kalmar Turanci.

A nan muna da tambaya ga Fada mai kula da makarantar, cikin ladabi. Ƙarnuka da dama Ikilisiya tana ibada da Latin, jama'a suna amsawa ba tare da sun ji ba. A 1963 babban taron Batikan na biyu ya buɗe ƙofa a yi ibada da harsunan jama'a, domin mai addu'a ya san abin da bakinsa yake faɗa. Yau a cocin da ke jikin katangar makarantar da Hausa ake wa'azi ranar Lahadi, da ita mata suke waƙa. Ranka ya daɗe, harshen da ya isa a yi magana da Ubangiji da shi ranar Lahadi, yaya aka yi ya zama abin horo ranar Litinin? Hikimar da ta sauke wa manya Latin, a miƙa wa ƙanana rabonsu daga cikinta.

Hukumar makaranta za ta ce iyaye ne suke so, kuma in ba a yi ba za su kwashe 'ya'yansu su kai inda ake yi. Akwai gaskiya a ciki, kuma kashin nan a gindinmu yake. Mu ne iyayen. Mu ne muke auna makaranta da nauyin jaka da yawan aikin gida. Mu ne muke buɗe katin sakamako mu tsallake komai mu nemi na nawa ya zo, mu sa yaron da bai gama famfara ba ya kwana da baƙin cikin ya zo na talatin. Malami da ya san illar haddar aku a ajinsa, amma yana tafa mata a falonsa, ba shi da bakin zargin kowa. Sai dai makarantar da ta ce ba don riba aka kafa ta ba, ita ya kamata ta ja iyaye zuwa gaskiya, ko da za ta rasa kaɗan daga cikinsu. In mishan ma ta koma bin kasuwa, wa ya rage?

Malaman ajin kuwa sun san duk abin da muka faɗa, har sun fi mu sani. Ba a tambaye su ba lokacin da ake tsara takardar. Miƙo musu aka yi, kuma duk ƙarshen mako ana duba littafinsu a ga ko sun kai inda jadawali ya ce. Wadda ta tsaya ta maimaita darasi domin rabin aji bai gane ba, ita ce za a kira ofis. Ba su da ƙungiyar da za ta tsaya musu, don haka suka yi shiru. Muna tuna wa hukuma cewa tun 1891 Fafaroma Leo na 13 ya tabbatar da haƙƙin ma'aikata na haɗa kai da samun lada na adalci, Fafaroma John Paul na biyu kuma, wanda ya taka ƙasar Kaduna a 1982, ya sake jaddada shi. Koyarwar gidanku ce muke roƙo ku yi aiki da ita.

Ga abin da reshe yake nema kafin a buga takardar zango na biyu. Na farko, a mai da darussan aji ɗaya zuwa uku adadin da manhajar ƙasa ta yanka. Na biyu, a keɓe awa guda kowace safiya ga karatu da rubutu, wata kusan haka ga lissafi da tsakuwa da murafen kwalba waɗanda yaro zai taɓa da hannunsa. Na uku, a soke horo a kan yin magana da Hausa ko wani harshen gida, a bar malama ta yi bayani da shi, a koyar da Turanci kullum ta hanyar hira da waƙa da labari. Na huɗu, a daina jera ƙananan yara daga na ɗaya zuwa na ƙarshe; katin ya faɗi abin da yaro ya iya da abin da ya rage masa. Na biyar, malaman ajin su zauna a teburin da ake tsara aikin zango, a kuma bar su su shiga ƙungiya ba tare da tsoron kora ba.

Ku kuma 'yan'uwa da iyalanku, akwai aikin da ba sai an jira kowa ba. Daren yau a ajiye littafin makaranta gefe. A ɗauki takarda a rubuta gajerun kalmomi biyar da yaro bai taɓa haddacewa ba, a ce ya karanta, sannan a tambaye shi abin da suke nufi. Abin da kuka gani, ku zo da shi taron iyaye da malamai na makarantar, ku zo da shi taron reshe mai zuwa. Za mu tattara mu kai wa hukumar makaranta hannu da hannu, mu nemi zama da ita kafin a tafi hutu.

Kwamitin Zartarwa na Reshe