Ina Kande Ta Shiga a Littattafanmu?



Ya ɗan'uwa mai karatu, idan kana cikin masu bin ƙagaggun labaran Hausa da ake yaɗawa ta Wattpad da zaurukan WhatsApp, na tabbata ka lura da sunayen taurarinsu. Saurayin Aryan ne ko Zayyan ko Sameer, budurwar kuwa Meenal ko Afnan. Sai an zo kan 'yar aikin gida, ko muguwar kishiya, ko tsohuwar da ke raka mutane wurin boka, sannan ake tunawa da Kande da Talatu. Ni dai wannan al'ada tana rage mini daɗin karatu ƙwarai, kuma ina ganin marubutan kansu suke cuta.

Dalilina shi ne, a wurin Bahaushe suna yana ɗauke da labari tun kafin mai shi ya buɗe baki. Tanko namiji ne da ya biyo bayan mata, Kande mace ce da ta biyo bayan maza, Gambo ya bi tagwaye, Azumi kuma a watan Ramadan ta zo duniya. Audi bai tarar da mahaifinsa da rai ba. Ajuji kuwa, uwarsa ta sha binne 'ya'ya kafin shi. Marubucin da ya kira tauraronsa Audi ya riga ya sanar da mu maraicinsa da kalma ɗaya, mun kuma fara tausaya masa tun a shafin farko.

Magabatanmu a wannan fage sun san haka sarai. Duba Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, ɗaya daga cikin littattafan farko da aka buga a Zariya cikin shekarun 1930. Malam Shehu attajiri ne da ya daɗe bai sami haihuwa ba, ya yi amfani da dukiyarsa ya raba Abubakar da masoyiyarsa Zainabu, ya aure ta. Da aka sami ɗa namiji, sai ake kiransa Kyauta, sunan da ake yi wa wanda aka samu bayan dogon jira. To, yaron nan shi ne ya tashi ɓarawo, kuma ta hannunsa ajalin uban ya zo. Duk sanda idonka ya faɗa kan kalmar Kyauta a tsakiyar wannan musiba, sai ka ji wani abu ya soki zuciyarka, domin sunan yana tuna maka burin uban da irin hanyar da ya bi ya cim masa. Cire sunan nan ka sa wani mai ƙyalli, rabin zafin labarin ya tafi. Haka ma Malam Zurƙe ɗan Muhamman na Ruwan Bagaja, wanda Abubakar Imam ya rubuta don gasar 1933: daga jin sunan ka san ba za a rabu lafiya ba, ka fara murmushi.

Akwai kuma abin da ya fi sunan kansa daɗi, wato yadda ake kiransa da yadda ake kauce masa. Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari saboda alkunya. Matar aure takan ce Malam ko Alhaji ko Maigida. Yarinyar da aka sa wa sunan kakarta sai ta koma Ummi, don kada a riƙa kiran sunan babba gatsau a tsakar gida. Fatima guda tana iya zama Binta a bakin gwaggonta, Fati a bakin ƙawayenta. Marubuci mai basira yana nuna mana matsayin kowa ta wannan hanya, har ranar da matar ta fusata ta kira mijin da sunansa na yanka, sai mai karatu ya gane aure ya zo gargara ba tare da an yi masa sharhi ba.

Na san wani zai ce ai yanzu akwai Afnan da Zayyan a gidajenmu, kuma son kyakkyawan suna ba laifi ba ne. Gaskiya ne. Ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) ya canja wa wasu sunaye saboda munin ma'anarsu, kamar 'yar Sayyidina Umar da ake kira da sunan da ke nufin mai saɓo, ya mayar da ita Jamila. Sai dai ma'ana aka duba a nan, ba daɗin amo a kunne ba. Da yawa cikin sunayen littattafan nan amo kawai aka bi, har ka ga Zayyan da Rayyan da Ayyan a labari ɗaya, ka kai babi na goma kana komawa baya don ka tuna wane ne yayan, wane ne saurayin. Shi kuwa Aryan, da mai sa shi ya tambayi ɗalibin Larabci, da ya ji cewa kalmar da ta fi kusa da shi a wannan harshe tana nufin wanda ba shi da sutura!

Abin da ya fi damuna shi ne rabon da ake yi. Yarinya mai suna Talatu ta karanta littafi biyar, a kowanne mai sunanta ce ke shara ana yi mata tsawa. Me ake koya mata game da kanta, da kuma kakar da ta ci sunanta? Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita ma sunan rana take amsawa, ba ta nemo baƙon suna ba a Alhaki Kuykuyo Ne na 1990. Rabi ta kira tauraruwarta, matar da Alhaji Abdu ya kora da 'ya'yanta, ta koma sayar da abinci tana riƙe su. Duk wanda ya karanta ya san wata Rabi a unguwarsu, shi ya sa har yau ake jin ciwon abin da aka yi mata.