Wake ɗaya shi ke ɓata gari

Jama'a ku yi haƙuri, yau rubutun da ɗan tsayi, kuma na san wasu za su ji haushina.

Makon jiya na raka wani ƙanena da ya fara harkar saye da ajiye wake wurin wani babban ɗan kasuwa, abokin marigayi mahaifinmu. Tambaya ɗaya muka je da ita: yaya ake ajiye wake wata shida ƙwari ba su ci ba, kuma ba a zuba masa guba ba? Muka gaisa, aka kawo ruwa, aka yi hirar zumunci. Da muka zo kan maganar sai Alhaji ya yi murmushi ya ce, "Yaro, kasuwa ai ita ke koya wa mutum." Shi ke nan. Muka tashi.

To, kasuwar ta koya mana kuwa. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da busasshen wake daga Najeriya, saboda yawan maganin ƙwari da aka riƙa samu a cikinsa, irin sinadarin nan da ke cikin fiya-fiya. Turawan ba su ce waken Alhaji wane suka hana ba, waken Najeriya suka ce. Wanda ya iya ajiya da wanda bai iya ba, duk hukuncin ya hau kansu. Meziko ma ta taɓa dakatar da sayen zoɓonmu saboda ƙwarin da aka gani a cikin kaya. Wanda Turawa suka ƙi kuma ina yake zuwa? Tukunyarmu. Mu da 'ya'yanmu muke cinye shi a ƙosai da alale.

Abin takaicin, amsar da Alhaji ya hana mu ba wani sirri ba ce. Akwai buhun nan na PICS mai ruɓi uku, leda biyu a ciki, buhun saƙa a waje, wanda masana na jami'ar Purdue ta Amurka suka samar bayan binciken da suka faro a arewacin Kamaru. Ka busar da wake sosai, ka ɗaure kowace leda daban, iska ta ƙare a ciki, ƙwari su mutu da kansu. Bayanin minti biyar ne. Amma sai mutum ya riƙe shi kamar laƙanin da ya gada.

Na san abin da za a ce mini: sirrin sana'a, in ka koya wa yaro gobe ya buɗe shago kusa da naka ya kwashe maka masu ciniki. Na yarda akwai abin da ba a faɗa. Wanda kake sayar wa kaya, da farashin da kuka yi, naka ne, riƙe abinka. Amma yadda ake busar da kaya, da inda ake kai samfuri a gwada, da yadda ake rajistar CAC ko neman lambar NAFDAC ba tare da ɗan tsakiya ya yashe ka ba? Wallahi ɓoye wannan ba wayo ba ne. Ranar da maƙwabcinka ya tura gurɓataccen riɗi, sunan kasuwarku gaba ɗaya ne zai ɓaci, mai saye a waje bai san lambar rumfarka ba.

Ku dubi Aba da Nnewi. Ubangida ya ɗauki yaro shekaru, ya koya masa sana'a ciki da bai, ranar sallama ya ba shi jari, wani lokaci a layi ɗaya yaron zai buɗe nasa shagon. Kasuwar Ariaria ba ta mutu ba don masu takalma sun yi yawa, yawan nasu ne ma yake jawo masu sari daga ƙasashen maƙwabta.

Ƙungiyoyinmu na 'yan kasuwa fa? Karɓar kuɗin wata, rigimar zaɓen shugaba, sai jiran ranar da gwamnati za ta raba tallafi. Guruf ɗin WhatsApp kuwa cike yake da "Juma'at Mubarak" da bidiyon siyasa. Wa ya taɓa ɗora hoton kayansa da aka dawo masa da su ya ce ga kuskuren da na yi, ku kiyaye?

Mu ma'aikata ma ba zan wanke mu ba. Na sha zama a bitar da ake shiryawa a otal da sunan ƙananan masana'antu: fuskokin da ka gani bara su ne na bana, a yi bayani da Turanci, a ci shinkafa, a sa hannu a karɓi alawus. Mai rumfar da ake bitar dominsa bai ma ji labari ba.

Shi dai ƙanen nawa a ƙarshe wani ɗan dako ne a Dawanau ya tsaya ya nuna masa yadda ake ɗaure ledar, bai karɓi ko sisi ba. Buhu talatin ya ajiye. In Allah ya kai mu lokacin buɗewa zan ɗora muku hoto a nan, ko ya yi kyau ko bai yi ba.