Kafin ka sayi amfilifaya, duba hedifon ɗinka

Akwai wata gasa da ta shigo ɗakunan kwananmu a 'yan watannin nan, kuma ina ganin lokaci ya yi da wani zai yi magana a kanta. Gasar ƙarar sauti ce. Wannan ya sayo hedifon, wancan ya ce nasa ya fi bugawa, na uku ya ce duk ku yi shiru, shi amfilifaya zai haɗa wa nasa, ɗan ƙaramin nan mai kamar kwalin ashana da ake maƙalawa tsakanin waya da hedifon. Wanda ya riga ya saya kuma yana neman ya sayar ya ƙaro kuɗi ya ɗauki babba. A gida ma haka abin yake. Daga Yelwa har Wara, samari na tambayar masu shagon waya wane ne ya fi wat yawa, kamar ana cinikin buhun shinkafa.

Ni ɗalibin lantarki ne, shekarar ƙarshe a difloma, kuma ra'ayina a taƙaice shi ne: mafi yawanmu ba ma buƙatar amfilifaya ko kaɗan. Kuɗin da za a kashe a kanta, a ce ma daga naira dubu 20 ɗin da NELFUND ke bai wa ɗalibi a wata aka yanko shi, ya fi amfani a wani wuri. Ga dalilina, kuma duk wanda ya yi darasin dokar Ohm a ajin farko zai iya bin lissafin.

Kowane hedifon yana da abu biyu da ake rubutawa a kwalinsa, waɗanda ba mu cika dubawa ba. Na farko shi ne turjiyarsa ga wuta, da ake aunawa da om. Na biyu shi ne yawan ƙarar da yake fitarwa idan an ba shi wuta 'yar kaɗan. Iyafis da hedifon ɗin da ke hannun ɗalibai kusan duk om 16 ne zuwa 32, kuma miliwat ɗaya tak, wato kashi ɗaya cikin dubu na wat, ya isa ya sa da yawansu su fitar da ƙara wajen desibel 100. To, wayar da ke fitar da bolt 1, idan ka jona mata hedifon mai om 32, tana ba shi miliwat 31 da 'yan kai. Ka ninka bolt da kansa ka raba da om, shi ke nan. Ma'ana wayar da ke aljihunka tana da ƙarfin da ya ninka abin da kunnenka zai iya ɗauka sau da yawa. Me za ka ƙara mata kuma?

Inda amfilifaya ke da aiki na gaske shi ne manyan hedifon na situdiyo. Sennheiser HD 600 om 300 ne. Beyerdynamic DT 770 Pro kuwa ana yin sa iri-iri, akwai mai 32, da mai 80, da mai 250. Bolt 1 ɗin nan idan ya haɗu da om 300, miliwat 3 da ɗan abu kawai zai bayar, sai ka ji sautin ya yi sanyi, ganga ba ta da nauyi. Mai irin wannan hedifon, ko ɗalibin aikin jarida da ke gyaran sauti, shi ne zai zauna ya zaɓi amfilifaya, kuma abin da zai tambaya shi ne bolt nawa take fitarwa a kan om ɗin hedifon ɗinsa. Amma tsakani da Allah, mu nawa ne ke da HD 600 a hostel? Su kuma masu iyafis na Bluetooth, ku sani amfilifayarku tana cikin abin da kuka cusa a kunne, tare da ɗan batirinta. Babu wata ta waje da za ta shiga tsakani. Na ji wani yana shirin saya wa irin wannan, na rasa ta inda zai jona ta.

Wanda wayarsa ba ta da ramin hedifon, yanayin da ya yaɗu tun da Apple ta cire shi a iPhone 7 a 2016, ɗan igiyar USB-C yake buƙata, mai juya sautin waya zuwa na hedifon. Ita ma amfilifaya ce ƙarama, kuma ga hedifon mai om 32 ta wadatar.

Yanzu maganar wat ɗin da ake rubutawa a kwali, wadda ita ce ta fi ba ni haushi. Za ka ga 'yar lasifika da za ka iya ɗauka da hannu ɗaya an rubuta mata wat 1,000, wani lokaci da haruffa PMPO ƙanana a gefe. Buɗe ta ka gani. Sau da yawa batir ɗaya ne a ciki, irin 18650, mai bolt 3.7. A ce yana ɗaukar 2,500mAh, duk abin da ke cikinsa bai kai wat 10 na awa ɗaya ba. Da gaske tana jan wat 1,000, da batirin ya mutu kafin daƙiƙa 40. Amma mai shago zai rantse maka tana daɗewa tana kiɗa, kuma gaskiya ya faɗa, don wat 3 ko 5 take ci. Ƙaramin guntun PAM8403 da muke sayowa don aikin aji wat 3 yake bai wa kowace lasifika a kan bolt 5, kuma ya cika ɗaki. Adadin da za ka nema shi ne wanda aka rubuta RMS a gabansa. Idan babu shi, to lambar ado ce.

Ko da wat ɗin na gaskiya ne, kunne ba ya lissafi yadda aljihu ke yi. Ka ninka ƙarfin amfilifaya sau biyu, desibel 3 kawai ka ƙara, bambancin da za ka ji amma ba zai burge ka ba. Kafin ka ji kamar ƙarar ta ninka, sai ka ninka ƙarfin wajen sau goma. Saboda haka wanda ya sayar da mai wat 20 ya ƙara kuɗi ya sayi mai 30, gaskiya bai sayi wani abin kirki ba.

Akwai kuma abin da amfilifaya ba ta iya gyarawa, shi ne waƙar kanta. Mu duba daga ina muke samun abin da muke saurare. Wurin masu tura waƙa a kasuwa, ko ta Xender daga wayar aboki, ko an yanko ta daga bidiyon da ya zaga WhatsApp har ya gaji. An matse ta an sake matsewa. Tsofaffin waƙoƙin kuwa, na Shata da Ɗanƙwairo da namu na gida Sani Aliyu Ɗandawo, da yawan waɗanda ke yawo a wayoyi daga kaset aka kwafo su, da shuuu ɗinsu da komai. Aikin amfilifaya ta ƙara girman abin da aka ba ta, ba ta san kalangu ba, ba ta san ƙugin kaset ba, duk ɗaya ne a wurinta. Neman kwafi mai kyau na waƙa ya fi sauya na'ura sau uku, kuma sau da yawa data kawai zai ci maka.

Sai wuta. Mu 'yan bakin tafkin Kainji mun san wannan zancen fiye da kowa. An kammala dam ɗin a 1968, injinansa takwas an kafa su don megawat 760, kuma sai da aka tashi mutane wajen 44,000 daga garuruwansu da tsibiransu kafin ruwa ya cika, ciki har da Gungawa na ƙasar Yauri. Duk da haka a ƙauyuka da dama na Ngaski da Shanga, caji sai a shagon mai sola ko mai janareta. Amfilifayar tebur da ke buƙatar soket, a gidan da wuta ke zuwa tana tafiya, rabin rayuwarta a kashe za ta yi. In ka jona ta da ƙaramin janareta ko caja mai arha kuma, wani gurnani za ka riƙa ji a ƙarƙashin waƙar. Mahaifina har gobe rediyonsa mai batir biyu yake kunnawa ya ji BBC Hausa, bai taɓa jiran wuta ba don ya saurari labarai, kuma ban ga abin da ya rasa ba.

Amma abin da ya sa na zauna rubuta wannan ya wuce kuɗi. Me ya sa muke jin sautin bai isa ba tun farko? Hayaniya ce. Janaretan maƙwabta, injin niƙa, babura, injin jirgin ruwa idan kana tsallaka tafki, abokan ɗaki shida kowa da wayarsa. Sai mu ƙure ƙara don mu danne su, idan ta ƙure mu ce wayar ce ba ta da ƙarfi, a nemo amfilifaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraren desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba. A desibel 90 lokacin ya koma awa 4. A 100 bai kai rabin awa ba, a mako guda fa, ba a rana ba. Ku tuna miliwat ɗaya na iya kai iyafis ɗinku can. Hukumar ta kuma ce matasa sama da biliyan 1 a duniya na cikin haɗarin rasa ji saboda irin wannan sauraren. A can cikin kunne akwai wasu ƙwayoyi masu siraran gashi da ke karɓar sauti, idan ƙara ta kashe su ba sa sake tsirowa, babu allura babu ƙwaya. Wannan ƙarar "tiii" da wasunmu ke ji da dare bayan sun cire iyafis, gargaɗi ne. Kuma mu da za mu fita mu yi aiki a ɗakin injina da wurin janareta, inda wata ƙarar ke jiranmu, bai kamata mu isa can da kunne rabi ba.

Wani zai ce, to kai malam, kuɗina ne, sha'awata ce, wasu ma a ƙwallo suke kashe nasu. Na yarda. Sha'awar sauti mai kyau ba laifi ba ce, ni ma ina da ita, shi ya sa na zaɓi haɗa amfilifaya a matsayin aikina na kammalawa. Abin da nake cewa a bi tsari. A fara da iyafis mai robar da ke toshe kunne sosai, a gwada robobin nan uku da ke zuwa a kwali har a samu wadda ta zauna daidai, ko hedifon mai rufe kunne gaba ɗaya. Da zarar hayaniyar waje ta ragu za ka ga da kanka ka rage ƙara, kuma gangar da kake nema ta fito, don yawancin rashin nauyin sauti daga iskar da ke zurarewa ta gefen roba ne. Bayan haka a nemi waƙa mai kyau. Idan an yi duka biyun, ka kai ƙarar waya ƙarshe a ɗaki shiru kuma har yanzu sautin bai isa ba, to hedifon ɗinka ne mai om da yawa, je ka sayi amfilifayarka da hujja.

Ina da shawara ga ƙungiyar ɗalibai da sashenmu. Ranar 3 ga Maris ta kowace shekara ita ce Ranar Ji ta Duniya. A ɗakin gwajinmu akwai na'urar da ke nuna zanen sauti a allo, akwai mita, akwai ɗalibai da suka iya aiki da su. A fito da tebur ɗaya gaban ofishin ƙungiya a ranar, duk mai amfilifaya ko lasifika ya kawo a auna masa wat nawa take bayarwa kafin sautin ya fara fashewa, a rubuta a takarda a manna kusa da abin da kwalin ya ce. Ni zan kawo wadda na haɗa a fara da ita, a lissafina wat 3 ce kowane gefe.