Wai Karatun Yara Nake Yi, In Ji Furodusa

Kwanan baya na je wani lokeshin a Kano domin ganin yadda aiki ke tafiya. Ana jiran jaruma ta gama kwalliya, sai na ciro littafi daga jakata na shiga dubawa. Wani furodusa, wanda ba zan kama sunansa ba, ya leƙo ya ga zane-zane a shafin, ya kece da dariya ya ce, "Malam, da girmanka kake karatun yara?" Da ya hango wani ƙaton littafin a jakar, ya ji tarihin mawaƙi ne, sai ya ƙara da cewa ai wannan ɓata lokaci ne, tunda waƙoƙin suna nan a waya. Na tambaye shi littafin da ya karanta na ƙarshe. Shiru kake ji.

To jama'a, wannan mutumin shi ne ke yanke hukuncin labarin da za a zuba wa kuɗi a nuna maku.

Bari in faɗa maku abin da ke cikin jakar. Ƙaton littafin shi ne Shata Ikon Allah, wanda Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar a 2006. Mamman Shata ya rasu a 1999. Mutumin da ya taso daga Musawa, ya kafe kan waƙa duk da iyaye ba su so, ya shafe sama da shekara hamsin kalangu na tashi a bayansa, ya shiga fadar sarakuna ya kuma zauna da direbobi a tasha, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Wai duk wannan bai isa labarin fim ba? Amurkawa sun yi wa makahon mawaƙinsu Ray Charles fim a 2004, Jamie Foxx ya ci kyautar Oscar da shi. Mu kuwa an wahala an yi mana binciken, an tattara an buga, amma mai kuɗin fim bai ma san littafin ya fito ba. Haba!

Na zanen da ya ba shi dariya kuma sunansa Aya, na Marguerite Abouet 'yar ƙasar Kwaddibuwa, Clément Oubrerie ya zana, ya fara fitowa a 2005. Fassarar Turanci nake karantawa. Labarin 'yan mata uku ne a unguwar Yopougon ta Abijan wajen ƙarshen shekarun 1970: ita Aya burinta ta zama likita, ƙawarta kuwa ta yi ciki ta liƙa wa ɗan wani attajiri. Ina yarinta a nan? Kuma ko don sana'a ya kamata darakta ya riƙe irin wannan littafin. Mai zane ba shi da damar ɓarnar fili. Kowane gida a shafin sai ya zaɓi inda ido zai tsaya, ko fuska za a matso ko titi za a buɗe, da abin da za a bari mai karatu ya cike da kansa. Wannan shi ne aikin kyamara. Da daraktocinmu na duba irinsa, da ba za a zaunar da mutum biyu a kujerar falo minti goma suna maimaita abin da muka riga muka gani ba.

Na ukun tsohon aboki ne, Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, na 1990. Karo na uku ke nan ina bin Rabi da 'ya'yanta tara bayan Alhaji Abdu ya kore su saboda amarya, kuma har yanzu raina na ɓaci. Ga abin kunyar: a 2012 kamfanin Blaft na ƙasar Indiya ya buga fassararsa ta Turanci, wadda Aliyu Kamal ya yi. Wato mu muna wanke finafinan Indiya, su Indiyawan suna zuwa ɗaukar labarinmu.

Za a ce ai 'yan kallo ba ruwansu da littafi, soyayya da waƙa suke so. Wa ya faɗa? Matan da suka riƙa hayar littattafai a shaguna, yau kuma suke bin su shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, su ne dai masu kallon. Industirin ma a kan littafi ta yi rarrafe. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino sai da ya gama zaga gidaje a takarda kafin ya zama fim, kuma tun 1976 Adamu Halilu ya mayar da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim. Masu kallo ba su daina karatu ba, masu shiryawa ne suka daina.

Da zan bar lokeshin na miƙa wa furodusan littafin Shata na ce aro ne, sati biyu. Ya auna nauyinsa a hannu, ya tambaye ni ko ba zan taƙaita masa a saƙon murya ba. Na karɓe abina.