Shekara 40 Na FOMWAN: Mece Ce Karramawa Ta Gaskiya?

 

Ya ku ɗalibai da iyayenmu masu daraja, a shekarar 2025 ne Tarayyar Ƙungiyoyin Mata Musulmi ta Nijeriya, wadda aka fi sani da FOMWAN, ta cika shekara 40 da kafuwa. A Minna aka kafa ta a 1985, Amirarta ta farko kuwa ita ce Hajiya Aisha Lemu, Baturiyar Ingila wadda ta musulunta a 1961, ta zo Kano a 1966 ta koyar a Makarantar Koyon Larabci. Ta rasu a 2019. Cikin waɗanda suka shugabanci ƙungiyar har da Hajiya Bilkisu Yusuf, 'yar jaridar da ta taɓa zama editar New Nigerian, wadda Allah Ya karɓi ranta a turmutsitsin Mina na 2015. Allah Ya jiƙansu baki ɗaya.

Cikin shekarun nan ƙungiyar ta buɗe makarantu da ɗakunan shan magani da gidajen marayu da azuzuwan matan aure, ta kuma dage a kan cewa ilmin 'ya mace haƙƙinta ne, ba alfarma ba. Lalle ta cancanci yabo, mu ma muna taya ta murna.

To amma, jama'a, ga inda gizo ke saƙa. Mun iya shirya taro, a yi anko, a raba lambar yabo, a ɗauki hoto, kowa ya watse. Washegari kuma sai ka ga yarinya da faranti a ka, tana wucewa ta ƙofar Islamiyya lokacin da 'yan'uwanta ke bita. Shin wannan karramawa ce?

Bari in ba ku abin da na gani da idona. Bara wata ɗalibata mai ƙoƙari, wadda ta kai izu 20 a hadda, ta daina zuwa. Na aika sau biyu, aka ce talla take yi saboda kayan ɗaki. Ni dai na haƙura. Amma wasu mata uku na ƙungiyar unguwa ba su haƙura ba. Suka yi ta sintiri a gidan, suka lallashi uwa, suka sa aka yi wa uba magana, suka haɗa ɗan jari daga adashinsu suka ba uwar don ta riƙa sana'a a cikin gida. Yau yarinyar tana ajina. Matan nan ba wanda ya kira sunansu a lasifika. Wallahi sun ba ni kunya, ni da ake kira malam.

Wani zai ce ai wannan fitar mata baƙon abu ne. A'a, ɗan'uwa, koma tarihi. Manzon Allah (S.A.W.) da kansa ya keɓe wa mata rana yana karantar da su. Shehu Usmanu, a littafinsa Nurul Albab, ya zargi malaman da ke karantar da almajirai alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ita ta kafa 'Yan Taru, tana naɗa jajjai suna bin ƙauyuka suna koyar da mata. Ashe matan yau gado suka yi, ba haye ba.

Saboda haka ga shawarata. Malam mai gida, bar iyalinka ta je ajin matan aure, ka kuma biya mata kuɗin wata ba da ƙunƙuni ba. Inna, sauke wa yarinya farantin nan in lokacin makaranta ya yi. Ku kuma ɗalibai, kowa ya nemi mace guda a unguwarsu mai irin wannan hidima, ya je har gida ya gaishe ta, ya yi mata godiya tun tana da rai. Kada mu jira sai ranar ta'aziyya sannan mu tuna alherinta.

Allah Ya saka musu da Aljanna, mu kuma Ya ba mu ikon koyi da su.