SUNAN GARI NA MASU GARI NE

Akwai jihohi biyu a Amurka, Kansas da Arkansas. Duk wanda ya dubi rubutun zai ɗauka wutsiyarsu ɗaya ce, amma ba haka ake kiransu ba. Ta farko ana ce mata Kansas kamar yadda aka rubuta, ta biyu kuwa Akanso. Gardamar yadda za a faɗi sunan ta yi zafi har a 1881 majalisar dokokin jihar ta zauna ta yanke cewa harafin ƙarshe ba a furta shi. Mai karatu zai yi mamakin majalisa guda ta ɓata lokaci kan harafi ɗaya. To, ba ɓata lokaci ba ne, kuma akwai darasi a ciki ga masu rubutu da masu karanta labarai da Hausa.

Asalin maganar shi ne Faransawa sun riga Ingilishi shiga cikin wannan nahiya. Jacques Cartier ya hau kogin Saint Laurent a 1535, ya ji mutanen wurin suna ce wa ƙauye "kanata", daga nan aka sami Kanada. Champlain ya kafa Kebek a 1608, kalmar kuwa ta mutanen asali ce, ma'anarta inda kogi ya tsuke. Masu yawon sayen fatu da limaman mishan suka bi koguna har kudu, duk sunan da suka ji sai su rubuta shi da ƙa'idar rubutunsu. Bafaranshe yana rubuta sautin "sh" da "ch", yana rubuta "w" da "ou", yana kuma ƙara harafi a ƙarshe wanda ba ya furtawa. Shi ya sa Chicago ake kiranta Shikago, daga sunan wata albasar daji a harshen Miyami da Ilinoi. Shi ya sa Michigan ta zama Mishigan, wato babban ruwa. Wisconsin kuma da can Ouisconsin ake rubuta ta. Arkansas sunan da maƙwabta ke kiran ƙabilar Kwapo ne, harafin ƙarshen ƙarin Faransawa ne.

Faransa ta rasa Kanada a 1763, ta sayar wa Amurka Luwiziyana a 1803. Masu jin Ingilishi suka gāji takardun, suka karanta da nasu bakin. Detroit, wadda Cadillac ya kafa a 1701, kalmar Faransanci ce mai nufin mashigin ruwa, amma yau Bafaranshe ba zai gane ta a bakin mazaunanta ba. Wato suna ɗaya ya ratsa baki uku, kowane baki ya gutsuri wani abu. Abin baƙin ciki, harshen da ya haifi sunan Shikago ya rasa masu jinsa tun daga nono a tsakiyar ƙarni na 20, sai jikoki ke farfaɗo da shi, har da taimakon ƙamus ɗin da limaman Faransa suka bari. Miliyoyin mutane na faɗin sunan kullum, kaɗan ne suka san abin da yake nufi.

Wannan alƙalamin da ya rubuta Ouisconsin shi ne ya tsallako Afirka ya rubuta Tahoua, Tessaoua, Madaoua da Dogondoutchi a Nijar, ya rubuta Garoua da Maroua a Kamaru, ya rubuta Ouaddaï a Chadi. Fatake da direbobin da ke bin hanyoyin nan sun san Tawa ce, Tasawa ce, Madawa ce, Garwa da Marwa da Wadai ne. Dogon Dutsi kuwa ko yaro ya san ma'anarsa. Amma sai ka ga ɗan boko ya kwafo rubutun taswira ya ɗora cikin labarin Hausa, mai karantawa a rediyo ya yi ta kokawa da haruffa, ya fito da wani gari da babu shi a duniya. Tsohon da aka haifa a garin yana saurare, bai san da garinsu ake ba. Ingilishi ma sun yi irin wannan, ga Sakkwato nan da suka mayar Sokoto.

Masu cewa a bar rubutun yadda yake suna da hujja. Fasfo da taswira da wasiƙar gidan waya suna bukatar rubutu guda, in an canja shi a can za a rikita jama'a. Wannan gaskiya ne, ba kuma wanda ya ce a taɓa takardun hukuma. Amma rubutun hukuma daban, rubutun Hausa daban. Jaridar da ke rubuta Faransa da Ingila da Jamus bisa sautin Hausa ba ta da dalilin rubuta garin Hausawa da ƙa'idar Faransanci. Ko hukumomi ma in sun so suna gyarawa: Chadi ta kawar da Fort-Lamy a 1973 ta ce Njamena, ba kuwa wanda ya ɓata hanya.

Abin da ake bukata ba ya cin ko kwabo. Editoci da gidajen rediyo su tsara jerin sunayen garuruwa yadda masu garin ke faɗi, su riƙa bin sa. Malamin makaranta in ya nuna wa yara Tessaoua a taswira, ya gaya musu Tasawa ce, ya kuma bayyana dalilin bambancin. Mai labarin da ya ci karo da sunan da bai sani ba ya leƙa tasha ya tambayi ɗan garin, don matambayi ba ya ɓata. Mutanen Akanso sai da suka kai ga majalisa kafin su tsare sunansu. Hausawa ba su kai can ba tukuna, domin masu sunayen suna nan da ransu, harshen kuma yana bakinsu. Saura masu alƙalami su saurare su.